Aikin shugaba yana farawa ne bayan an naɗe tabarmin makoki

A Maraɗi ba a koya wa kowa ta'aziyya. Da labarin rasuwa ya iso, ana rufe biro, abokan aiki su cika mota, a yi jana'iza, a zauna kwana uku. Wannan mun iya. Inda shugabannin ma'aikata suka fi kasawa shi ne rana ta huɗu, lokacin da jama'a ta watse, mai rashi ya dawo kujerarsa aka ɗauka komai ya wuce.

Ranar farko ba ta da wuya. Idan ma'aikaci ya kira, a ce masa: «Allah ya jiƙan baba, ka tafi, aikin yana hannunmu.» A karɓi makullai da takardun gaggawa nan take, a ba mutum ɗaya tak ya riƙa magana da shi. Ba daidai ba ne wayarsa ta yi ta ƙara a wurin makoki ana tambayar ina rasit ɗin jiya.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta san da izinin musamman na lamurran iyali, wanda ba a cirewa daga hutun shekara. Shugaba ya rubuta kwanakin da ma'aikatarsa ke bayarwa ya manna a allo, don kada mai gadi ya samu biyu, ɗan uwan darakta ya samu goma. A lissafa hanya kuma: wanda aka yi wa rasuwa a ƙauyen Dakwaro ko bayan Tasawa, ko a ƙetare wajen Katsina, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye masa kwana biyu. Mai shago da yaransa ba su da takardar kwangila, amma haƙƙin yana nan; kada a yanke wa yaron shago kuɗin kwanakin makoki.

Da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada, Annabi (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya shagaltar da su ya same su. Ma'aunin ke nan: a sauke wa mai rashi kaya. A wurin aiki, wannan yana nufin makonni biyu na farko kada mai riƙe asusu ya koma ƙidayar kuɗi shi kaɗai, kada direba ya ɗauki hanyar Yamai ko ta Damagaram, kada a bar mai aikin injin niƙa ba mataimaki. Baƙin ciki yana hana barci, rashin barci yana kawo mantuwa. Giɓin jika ashirin a asusu a irin wannan lokaci sau da yawa gajiya ce, kuma laifin na wanda ya mayar da shi kan kuɗi da wuri ne.

Sannan ga zirga-zirgar takardu. Shaidar mutuwa daga ma'aikatar magajin gari, takardar zaman dangi, ta magada a kotu, fayil ɗin fanshon magada a CNSS (hukumar kula da fanshon ma'aikata), duk da safe ake bin su, kuma ba a gamawa a zuwa ɗaya. A ba shi safiya biyu a mako har wata guda, ba sai ya roƙa kowane lokaci ba. Idan yana son bashin albashi, a raba biyan wata uku ko huɗu, domin wataƙila marayu sun ƙaru a gidansa. Gudunmawar abokan aiki a haɗa ta a ambulan guda, ba tare da karanta wa ya ba da nawa ba.

Batun takaba ya fi komai buƙatar tunani. Wata huɗu da kwana goma ne, mai ciki kuwa sai ta haihu. Malamai sun halatta wa mai takaba fita da rana don larura, ta kwana a ɗakinta, amma wasu dangin suna tsanantawa. Shugaba ba mai fatawa ba ne. Nasa shi ne ya tura mace babba daga cikin ma'aikata ta tambaye ta abin da za ta iya: rabin yini, tashi kafin la'asar, cire ta daga aikin dare da tafiye-tafiye. Mafi muni shi ne a ba wani gurbinta a ɓoye, ta fita takaba ta tarar ba miji ba aiki.

Akwai rashin da muke rainawa: ɓarin ciki da mutuwar jariri. «Allah zai ba da wani» ba ya rage zafin, kuma uban ma yana jinsa ko da bai nuna ba. Haka abokin aiki Kirista, wanda jana'izarsu kan ɗauki kwanaki, a auna masa da mudun da aka auna wa kowa.

Bayan arba'in a kira shi gefe, ba a gaban mutane ba: «Malam, yaya gida, yaya ƙarfin jiki?» A saurara, kada a cika shi da wa'azin haƙuri. Idan watanni sun wuce yana ramewa, ba ya barci, ko yana cewa gara ya bi mamacin, a haɗa shi da likita a ranar, a sanar da wani babba a danginsa, kuma kada a bar shi ya tafi gida shi kaɗai.