Dan Allah a daina shan Lasix ba tare da likita ba

Jama'a abin nan yana damuna wallahi, ƙafa ta kumbura sai a wuce kyamis a ce a ba ni Lasix, maganin nan mai sa yawan fitsari, har da 'yan mata masu sha wai don su rage tumbi.

Ƙoda tana tace ruwa wajen lita 180 a rana amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba, sauran duk tana mayar wa jiki tare da gishirinsa, kuma duk inda gishiri ya je ruwa sai ya bi shi. Lasix, wato furosemide, yana toshe wani lanƙwasa ne a cikin 'yan bututun ƙoda inda ake maido da kusan kashi 25 cikin 100 na gishirin, shi ya sa kake ta zaryar banɗaki. To amma jiki ba ya zuba ido, da ƙoda ta ji ruwa ya ragu sai ta saki wani sinadari mai suna renin, daga nan wani sinadarin mai suna angiotensin ya taso a cikin jini, shi kuma ya tsokano aldosterone daga saman ƙoda, homon da aikinsa shi ne riƙe gishiri da zubar da fotasiyam, wani sinadari da tsoka da zuciya ke buƙata. Ƙarfin maganin wajen awa 6 ne, yana saki ƙoda za ta hau ramuwa, in kuwa ka ci miya mai magi da gishiri jingim toh duk abin da ka fitar ya dawo, fotasiyam ɗin ne kawai ya tafi. Daga nan sai kasala, ɗaurewar jijiya, wani ma bugun zuciyarsa ya rikice. Dalilin da ya sa likita ke auna jini ke nan, wani sa'in ya haɗa da spironolactone mai tare aldosterone ɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar a kai giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokali ɗaya fa. Kanwa ma tana da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, amma har yau ana ɗura musu.

Ga masu haɗawa da diclofenac don ciwon jiki, shi yana rage ƙarfin Lasix ɗin ne ya kuma takura ƙodar. Kumburin nan zai iya zama daga zuciya ne ko hanta ko ƙodar kanta, mai ciki kuwa in ta kumbura a fara auna mata hawan jini da fitsari kafin ta haɗiyi komai.