Ƙusar da aka sa wa Inna a cinya

Inna ta zame a banɗakinmu na Agege tana shirin alwalar asuba. Faɗuwar ba wata babba ba ce, amma da muka ɗaga ta, ƙafar dama ta gajarce, tafin ya juya waje. Hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye can sama, dab da ƙugu.

Likita ya zana mana abin a bayan katin asibiti. Ƙusa ce ta titaniyam da ake zurawa ta ramin ɓargo, sannan a ratsa wani ƙarfen ta cikinta ya shige kan ƙashin. Ƙusar iri-iri ce: wadda ake kira Gamma sukuru ɗaya ke gare ta, mai kauri. PFNA ƙarfe mai murɗaɗɗen baki take da shi, bugawa ake yi, sai ya danne ƙashin tsoho da ya yi laushi ya kama. InterTAN kuwa sukuru biyu ne a manne, suna matse karayar, suna hana kan ƙashin juyawa.

Nan gardama ta tashi. Yaya daga Kano yana ta waya a jira a samo mafi tsada, Kawu kuma ya dage a kira mai ɗori.

Ni dai ra'ayina, mu daina ɓata lokaci kan sunan ƙusa. Dukansu suna aiki idan an gyara karayar da kyau aka kafa ƙarfen daidai. Tun 1995 likita Baumgaertner ya nuna cewa idan tazarar tsinin sukuru da ƙololuwar kan ƙashi, a hotuna biyu a haɗe, ta wuce milimita 25, ƙarfen ya fi saurin ɓallewa. Wannan aikin hannun likita ne, ba na kamfani ba. Ku tambaye shi wacce ya saba sawa, kuma ko akwai na'urar hoto a ɗakin tiyata.

Abin da ya fi tsorata ni kwanciya ce. Ana so a yi aikin cikin awa 24 zuwa 48, don tsohon da ya daɗe a kwance gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini ke binsa. Karayar da ke ƙarƙashin tsoka mai kauri haka, wane tsinken mai ɗori ne zai riƙe ta?

PFNA aka sa mata a rana ta biyu. Washegari aka zaunar da ita a bakin gado, ta dube ni ta ce, "Miƙo mini carbina."