Karen da ka ɗauko ba ɗan iska ba ne, a ruɗe yake

Samari masu kiwon karnuka, da ku nake. Wani zai tashi daga gida ya rasa inda zai kai karensa na gadi, ko a tsinci kare a kango haƙarƙarinsa duk a waje, sai ɗayanku ya ce a ba shi. Madalla, aikin lada ne, kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sai dai kafin sati ya zagayo ƙorafi ya fara: karen ba ya zama wuri ɗaya, sai tsalle sai haki, kuma da baƙo ya shigo sai ya rungume masa ƙafa ya hau yi kamar yana barbara. Daga nan sai ku rabu biyu. Wasu su fashe da dariya su zaro waya a ɗora a TikTok, wasu kunya ta kama su su rarumi bulala. Duka biyun kun ƙara ɓata shi.

Ku fara gane cewa hawan nan sau da yawa ba sha'awa ba ce. Karya ma tana yi, kwikwiyon da bai balaga ba yana yi, karen da aka dandaƙe ma yana yi. Zumuɗi ne ya cika masa ciki ya rasa ta inda zai sauke shi. Dabbar da ta rabu da gidan da ta sani, aka kawo ta inda ƙamshi baƙo ne, muryoyi baƙi, ga ƙarar janareta, ga yara suna leƙe ta katanga, ina za ta samu natsuwa? Masu kula da gidajen ceton karnuka a Amurka suna da wani ƙiyasi da suke faɗa wa duk wanda ya ɗauki kare: kwana 3 kafin firgicin ya lafa, mako 3 kafin ya gane tsarin gidan, wata 3 kafin ya ji gida ne. Ba doka ba ce, amma ta ishe ka ka san cewa karen da ka gani a makon farko ba shi ne ainihin karenka ba.

Akwai kuma masu cewa wai karen yana so ya nuna shi ne shugaba, don haka sai an kayar da shi an danne masa wuya. Wannan magana ta samo asali ne daga nazarin kyarketai da aka tsare a gidan namun daji, kuma David Mech, masanin da ya yaɗa ta a 1970, shi da kansa ya dawo ya ce ba haka suke rayuwa a daji ba. Karen da wataƙila duka ne ya koro shi daga gidan farko, ka danne shi, abin da ka koya masa shi ne hannunka abin tsoro ne. Irin wannan ne wata rana yake cizo ba tare da gurnani ba.

To me za ka yi? Ka rage masa hayaniya. Ba yanzu ne lokacin kiran abokan majalisa su zo kallon sabon kare ba. Ka ware masa lungu mai inuwa da ruwa, a bar shi ya yi barci, don babban kare yakan kwashe awa 12 zuwa 14 a rana yana barci, kuma wanda bai samu barci ba rawar kansa ta fi yawa. Abinci a kan lokaci ɗaya kullum. Da sassafe ko bayan la'asar, rana ta yi sanyi, ka fita da shi da igiya, ka bar shi ya sunsuna ƙasa son ransa. Sunsunar nan tana sauke masa zumuɗi fiye da kokawar da kuke yi da shi a tsakar gida, wadda ita ce ma take tunzura shi.

Sannan ka zuba ido, domin hawan ba ya zuwa kwatsam. Za ka ga haki ya ƙaru, ya fara zagaya mutum, yana lasarsa, yana ɗora masa ƙafa ɗaya. A nan ake tare shi. Ka kira sunansa da murya a kwance, ka ce ya zauna, da ya zauna ka miƙa masa ɗan guntun nama. In ya riga ya hau, kada ka yi ihu, kada ka ture shi da hannu, don a wurinsa turewa wasa ce. Ka ja igiyarsa a hankali ka kai shi lungunsa na minti biyu ko uku. Kuma kowa a gidan ya yi haka. In kai kana hanawa ƙaninka yana dariya yana miƙa masa ƙafa, aikin banza kake.

Kada ka tsallake likitan dabbobi. Ciwon mafitsara ko ƙaiƙayin fata na iya sa kare yawan hawa da lasar gabansa. Akwai kuma wani ƙari da karnukan titi ke ɗauka ta hanyar barbara, yana fitowa a al'aura yana zubar da jini, kuma yana jin magani in an kai shi da wuri. Dandaƙa tana rage hawan ga wasu karnukan, amma in ya riga ya zama sabo ba ita kaɗai za ta raba shi da shi ba. Allurar rigakafin haukan kare kuwa ba ta jiran gobe, musamman ga karen da ba ka san tarihinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara.

Maganar yara ce ba na sassautawa a kai. Karen da ya kai kilo 30 in ya ɗare yaro ɗan shekara huɗu zai kayar da shi, yaron ya tsala ihu, ihun ya ƙara wa karen zumuɗi. Har sai ya natsu, kada a bar shi da yaro su kaɗai ko da na shiga ɗaki a fito ne. In kuma tsautsayi ya sa ya yakushi wani ko ya cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.