Sabo Ake Yi Wa Kuka: Jiran Mako da Ƙaunar Wasannin Talabijin

Duk lokacin da na faɗa wa wani cewa na shafe fiye da rabin rayuwata ina bin wasannin kwaikwayo na talabijin, na barkwanci da masu dogon zango, sai ya dube ni kamar ya kama babba yana wasan ƙasa. Wani ma yakan jefo mini karin maganar nan, wai sabo turken wawa. Sabon kam na amsa shi, wautar ce nake da ja a kanta.

A ranar 9 ga Disamban 1960 tashar ITV ta Ingila ta fara nuna Coronation Street. A kashin farko akwai wani saurayi ɗan jami'a mai suna Ken Barlow, wanda William Roache ya fito a matsayinsa, kuma ya ci gaba da fitowa a wannan matsayi fiye da shekara 60. Yarinyar da ta kalli kashin farko tana da shekara 15 ta ga aurensa, ta ga mutuwar aurensa, ta ga 'ya'yansa sun girma, ta yi furfura tare da shi. Mutum nawa ne a rayuwarta ta gaske suka daɗe da ita haka? Idan irin wannan dattijuwa ta share hawaye ranar da aka kashe wani a labarin, ba ta ruɗe ba ne. Ta san sarai ƙirƙira ce. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce sabo ake yi wa kuka.

Masana ma sun lura da abin tun talabijin yana jariri. A 1956 wasu Amurkawa biyu, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi rubutu kan dangantakar da ke ƙulluwa tsakanin mai kallo da fuskar da yake gani a akwati: kai ka san shi ciki da bai, shi kuwa bai ma san an haife ka ba. Mutane da yawa suna karanta wannan bayani kamar sunan wata cuta. Ni ban ga cutar ba, muddin mutum bai mayar da shi madadin 'yan'uwa da abokai ba. Ai haka muke da jaruman tatsuniya tun muna yara.

Abin da na fi son a lura da shi shi ne yadda wannan sabo yake samuwa. A ganina jira ne ke haifar da shi. A watan Maris na 1980 aka rufe zangon shirin Dallas na Amurka da harbin J.R. Ewing, mugun attajirin man fetur da kowa ke jin daɗin tsana, ba tare da an nuna wanda ya harbe shi ba. Yajin aikin 'yan wasa ya ƙara jinkirta sabon zango, sai ranar 21 ga Nuwamba aka warware ƙullin. Wata takwas ke nan mutane suna gardama a wurin aiki da cikin motoci, wasu har caca suka saka. Daren da aka bayyana amsar, fiye da mutum miliyan 80 ne suka zauna gaban akwati a Amurka kaɗai. Amsar kanta, in za a faɗi gaskiya, ba wani abin a zo a gani ba ce. Wata takwas ɗin nan su ne wasan.

Japan ta yi nata da wani salo. Daga 1983 zuwa 1984 tashar NHK ta nuna Oshin, labarin yarinya 'yar talakawa da ta taso cikin wahala, minti 15 kacal kowace safiya ban da Lahadi, har kashi 297. Minti 15 bai isa a ƙoshi ba, kuma da gangan ne. Mai kallo yana tashi da ƙishirwar labarin, ya wuni yana juya shi a ransa, gobe ya dawo. Daga baya shirin ya zagaya ƙasashe da dama, ya samu karɓuwa sosai a Iran da Masar, wuraren da ba su haɗa harshe ko tarihi da ƙauyen Oshin ba.

Sai ga ranar 1 ga Fabrairun 2013, Netflix, dandalin kallon fina-finai ta intanet, ya saki kashi 13 na House of Cards a lokaci guda. Daga nan al'ada ta juya. Yanzu kashi yana ƙarewa, kafin ka miƙa hannu na gaba ya fara da kansa. Ba zan yi ƙarya ba, na sha raba dare a haka, kuma na ji daɗi. Amma na gwada kaina: shirye-shiryen da na haɗiye a kwana biyu, bayan wata shida ko sunan jarumin sai na yi ta lalube. Waɗanda na bi mako-mako shekaru da yawa da suka wuce kuwa, har waƙar buɗe su ina iya rerawa. Abin da aka ci da gaggawa ba ya zama a jiki. Akwai kuma asarar hira. Da kowa a wuri ɗaya yake a labari, yau kuwa kana buɗe baki sai abokinka ya toshe kunne, wai kada ka ɓata masa, shi yana kashi na uku. Ba mamaki da tashar HBO ta Amurka ta riƙe tsarin mako-mako har ƙarshen Game of Thrones a 2019, shi kansa Netflix ɗin ya koma raba wasu manyan shirye-shiryensa gida biyu.

Masu sukarmu suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Wannan jiran da nake yabo, 'yan kasuwa ne suka ƙera shi. Laƙabin da Turawa suka yi wa irin waɗannan wasanni ma, wato soap opera, daga sabulu ya samo asali, domin kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyinsu a rediyon Amurka tun shekarun 1930, don matan gida su dawo gobe su sake jin talla. Shi ya sa ake jan labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 20 har ya kai 200, a kashe mutum a dawo da shi, a ce ashe mafarki ne. Dallas ɗin da na yaba ya taɓa shafe zango guda cur da wannan dabara. Mai ƙaunar gaske shi ya fi kowa jin haushin wannan, don shi ake raina wa hankali. Na bar shirye-shirye da dama a tsakiya saboda haka, ban kuma yi nadama ba.

Wasan barkwanci kuwa nasa sabon daban ne, kuma ina ganin ana tauye masa haƙƙi idan ana rabon yabo. Shi ba ya riƙe ka da tambayar me zai faru gobe. Mr. Bean na Rowan Atkinson kashi 15 ne kacal aka yi tsakanin 1990 da 1995, kusan babu magana a ciki, amma mutane suna ta maimaita kallonsa kamar ya kai ɗari. Ka san abin da zai yi, ka san inda zai kwafsa, dariyar kuma tana zuwa tun kafin ya kai wurin. Sa mutum kuka sau ɗaya abu ne mai sauƙi. A sa shi dariya karo na goma a kan abu guda, wannan sai gwani.

Kwanakin baya na shiga saitin manhajar da nake kallo na kashe abin da ke kunna kashi na gaba da kansa. Na ware dare ɗaya a mako, kashi ɗaya tak. Ƙanwata da muke bin shiri guda ta gama zangon tun tuni, kullum sai ta kira ni tana dariya, tana cewa, "Yaya, in faɗa maka wanda ya ci amanar?" Nakan ce mata ta riƙe bakinta, saura mako huɗu.