Duna a Ɗakin Hoto

Karen gadinmu, Duna, ya kama tari har haushinsa ya daina tsorata kowa, ko akuyar maƙwabta. Na sa masa igiya muka nufi asibitin dabbobi. Mai adaidaita ya karɓi kuɗin mutum uku, wai na ukun ladan fargaba ne.

Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce sai an yi hoto. "Malam, kala uku za mu ɗauka: kwance ta dama, kwance ta hagu, sannan rigingine." Na ce, "Likita, ni ko ranar aurena ba a yi mini wannan hidimar ba." Ya ce ai in kare ya kwanta ta gefe, huhun da ke ƙasa yakan matse, iskarsa ta ragu, ya yi fari a hoto, ciwon da ke ciki ya saje da shi. Huhun sama mai cike da iska shi ke tona asiri. Wato mai neman ciwon huhun dama, ta hagu zai kwantar da kare. Ikon Allah!

Aka rataya mini rigar dalma mai nauyin tsiya, wadda ke kare jiki daga hasken na'urar hoton, aka ce in ja ƙafafunsa na gaba sosai kada naman kafaɗa ya rufe huhu, yaron likita ya riƙe na baya. Aka cusa soso ƙarƙashin ƙirjin don ya daidaita. Kuma ba a dannawa sai lokacin da ya shaƙi iska huhu ya cika. To wa zai ce wa kare ya riƙe numfashi? Duna na ta haki abinsa, ni ne na riƙe nawa har idona ya yi ja.

A rigingine aka sha daga. Ya murɗe, hoto ya fito da zuciya ƙatuwa, ta karkata gefe guda. Na hau salati, ina tunanin yadda zan gaya wa yara. Likita ya tuntsire da dariya. "Zuciyarsa ƙalau take. Duba, ƙashin ƙirji bai hau kan ƙashin baya ba, kwanciyar ce ta karkace." Aka sake. A nan Duna ya samu sarari ya lashe ni tun daga gemu har goshi.

Ciwon dai a huhun dama yake, kuma a hoton kwanciyar hagu ya bayyana. Aka ba mu magani.

Da muka iso gida uwargida ta ga yawu a gemuna da gashin kare a kaftanina, ta miƙo bokiti da sabulu ta tare ƙofa. Duna ya bi ta gefenta ya shige, ni aka ce in tsaya a zaure.