Injinan Huɗa Masu Shan Mai Su Ma Sun Cancanci A Adana Su

A birnin Leeds na Ingila kamfanin John Fowler ya yi suna da wata dabarar huɗa wadda inji ba ya taka cikin gona. Inji biyu ake girkewa, ɗaya a wannan bakin gona, ɗaya a wancan, kowanne da gangar naɗe igiyar ƙarfe a ƙarƙashinsa. Wannan ya jawo garma mai ɓari biyu har gabansa, a karkatar da ɗaya ɓarin nata ƙasa, wancan ya ja ta ta koma. Tun 1858 Fowler ya ci kyautar fam 500 saboda huɗa da ƙarfin tururi.

Sai dai tururi akwai ɗawainiya. Tun da asuba za a hura wuta, keken ruwa da na gawayi kuma suna ta safa da marwa har yamma. Wannan wahalar ce injinan jan igiya masu shan kananzir, daga baya dizal, suka zo ragewa. Kamfanin McLaren, shi ma na Leeds, ya ƙulla yarjejeniya da Benz na Jamus a 1926 don ƙera injin dizal. Amma sun makara. Ƙananan taraktoci irin su Fordson sun riga sun shiga gonaki, kafin a ankara akasarin injinan jan igiyar sun faɗa hannun 'yan gwangwan.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake adanawar. Tun 1966 akwai ƙungiyar Steam Plough Club mai adana injinan huɗa na tururi, kuma ta yi ƙoƙari ƙwarai. To amma idon 'yan kallo yana kan hayaƙi da usur da tagulla mai sheƙi. Injin dizal kuwa ba shi da wannan kwarjinin. Har ta kai wasu tsofaffin injinan tururi da aka sa wa dizal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka ci gaba da aiki kamar yashe tafkuna, an cire musu dizal ɗin an mayar da su tururi. Na fahimci sha'awar, amma a ganina an goge shekarun da injin ya ci abinci da guminsa.

Kuma bai isa a shafe su da fenti a kafe a rumfa ba. A kai su gona su ja garma. Manomin da babbar tarakta ta danƙare masa ƙasa har ruwa ya daina shiga, in ya ga huɗar da taya ba ta taka ba, ya dumbuzi ƙasar ya ji laushinta, zai gane amfanin igiyar nan.