Ranar ba ta ƙara ƙarfi ba, hannunmu ne

Kun dai ga abin da aka yi wa darbejiyar bakin masallacinmu. Fiye da shekara talatin tana ba mu inuwa, jiya da hantsi aka zo da injin yanka, kafin la'asar ta zama itacen girki, wai za a gina shaguna. Da na yi magana wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, rabu da zancen ɗumamar yanayin nan, zafi na rana ne, tun kaka da kakanni haka duniya take." Tun jiya maganar take cin raina.

Baba, da girmanka, ba haka ba ne. Na yarda yanayi yana juyawa da kansa. A 1991 dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a Filifin, ƙurarsa ta tare hasken rana, duniya ta yi sanyi da kusan rabin digiri, cikin 'yan shekaru ta koma yadda take. Karkatar duniya da hanyar da take zagaya rana ma suna canzawa, amma sai an kwashe dubun dubatar shekaru. Ita kanta ranar, tun 1978 ake auna ƙarfinta da tauraron ɗan'adam, bai ƙaru ba. To wannan zafin daga ina?

Daga hannunmu yake. Kafin a fara ƙona kwal da man fetur a masana'antu, iskar kabon a sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420, ta lulluɓe duniya kamar bargo, zafi ya shigo ya rasa hanyar fita. Shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, a Afrilunta garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5.

Masu cewa ikon Allah ne, wa ya musa? Ambaliya ma ikon Allah ce, amma mai hankali ba ya gini a kan hanyar ruwa. Masu cewa laifin Amurka da Sin ne, haka ne, hayaƙin Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Amma injin jiya mu muka kawo shi, tirelolin gawayin da ke fitowa daga dazuzzukanmu mu muke loda su. Hannunmu ne!

Ga kuma tsohon nan mai gyaran takalma da yake zama a gindin darbejiyar. Yau da azahar na same shi a tsakar rana, ya ɗora kwali a ka, kayan aikinsa a cinya. Don Allah duk mai rumfa ko baranda a layin ya taimaka masa da wurin zama.